Mutumin da Ke Ƙarshen Layi

Salamu alaikum jama'a. Kun daɗe ba ku ga hoton girkina a shafin nan ba. Wasu sun ce na yi aure, wasu sun ce na bar Abuja. Ko ɗaya babu. Ciwo na yi, irin wanda ba a zuwa dubiyarsa da lemo da ayaba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hauwa, ina dafa abincin biki da na taro. Ni da Innata muka zo Kuchigoro, a nan Abuja, lokacin da rikici ya kore mu daga ƙauyenmu a arewa maso gabas. Yayana Idi bai iso tare da mu ba. A bakin wani rafi muka rabu ranar gudun, kuma har yau babu gawa, babu labari.

Abin ya fara ne a wajen wani biki, da rana tsaka. Ina zuba wa mutane shinkafa, na ɗaga kai, sai na hango Yaya Idi a ƙarshen layi, riƙe da faranti. Rigar da muka rabu da shi a ciki ita ce a jikinsa, jiƙe sharkaf. Bai tsufa ba ko kaɗan. A ranar na lura yanzu ni na girme shi.

Layi na tafiya, shi yana nan inda yake. Da na sallami mutum na ƙarshe, babu kowa a wurin sai ciyawa.

Ban gaya wa kowa ba.

Haka ya riƙa zuwa duk taron da na je. Ba ya magana, kallona kawai yake. Har ludayi yakan suɓuce mini.

Na je wajen wani mai kemis na ce ƙirjina na bugawa. Ko tambaya bai yi ba, ya ce, "Madam, tenshan ne kawai. Sha wannan ki huta." Kuɗin ƙwayar bai kai na kwanon abinci ɗaya ba.

Da farko ta yi aiki. Layi ya ƙare, babu Yaya. Har godiya na koma na yi wa mutumin.

Daga ƙwaya ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina lissafi. Sai Yaya ya dawo, amma ba a ƙarshen layi ba. A tsakiya. Kowane biki yana ƙara matsowa, har na fara jin ɗigar ruwan rigarsa.

Wata rana da hantsi na farga ina tsaye cikin wata gonar dawa a Jiwa, can gefen Abuja, babu takalmi, faranti a hannuna, abincin ya huce. Ban san yadda na je ba. Wata tsohuwa mai gonar ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, wa kike bi?"

Maman Blessing, abokiyar aikina 'yar Filato, ita ta zo ta ɗauke ni. A mota ta riƙe hannuna ta ce, "Hauwa, yau ba gida za mu ba. Asibiti."

Aka yanki kati, aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton kai. Likitan ƙwaƙwalwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba aljani ba ne. Firgicin da kika haɗiye shekara da shekaru ne, ƙwayar nan kuma ta ƙara masa ƙarfi."

Suka kwantar da ni don ƙwayar ta fita daga jikina. Amai, gumi, ciwo har cikin ƙashi. Na roƙi nas ta ba ni ko rabi, ta ce, "Yi haƙuri 'yar'uwa, zai wuce."

Da aka sallame ni likita ya rubuta mini magani, ya kuma haɗa ni da Anti Rahila, ƙwararriyar da ke jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa. Nan na ji tsada. Zama ɗaya da ita ya kusa cinye ribar ƙaramin biki. Firizata na sayar.

Inna ta ce, "Ki biya kuɗi don a yi hira da ke? Ni ba ga ni ba?"

Na kusa bari. Amma na tuna ƙwayar da nake kira mai arha ta kore mini kwastomomi, ta kwantar da ni a gadon asibiti, ta kai ni gonar mutane babu takalmi.

Wata rana Anti Rahila ta ce, "Da zai iso gabanki, me za ki ce masa?"

Na buɗe baki, sai kuka. A nan na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a gidanmu ba a ambaton sunansa, amma kullum sai Inna ta zuba abincinsa ta rufe, ta ajiye a bayan ƙofa.

Zama na gaba da Inna muka je. A nan Inna ta ce, "Ina tsoron in daina, ya dawo ya ga mun manta da shi."

Muka kira malamin unguwa, aka yi masa addu'a, muka yi sadaka. Ba mu ce ya rasu ba. Mun dai miƙa shi ga Allah, duk inda yake.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, a hankali ganin ya ragu har ya ɗauke. Har yanzu ina shan maganin likita, ina kuma zuwa wajen Anti Rahila. Na koma aiki.

Alhamdulillahi. Maman Blessing, Allah ya saka miki da alheri. Likita, nas-nas, Anti Rahila, da Innata, na gode.

Shawarata: maganin da likita ya rubuta daban, ƙwayar da aka miƙo maka babu tambaya daban. Idan kuɗin ƙwararre ya fi ƙarfinka, tambayi asibitin gwamnati, ka faɗi halin da kake ciki, kada kunya ta hana ka. Kada kuma ka yanke ƙwaya da kanka babu likita.

Idan wani naku ya ce yana ganin abin da ba ku gani, kada ku yi masa dariya, kada ku ɗaure shi. Ku shiga mota tare da shi.