Ranar da Na Karɓi Muciya

Daminar da ruwa ya rushe mana ɗakuna a Unguwar Gai, wata maƙwabciyarmu ce ta kwashe mu, ni da yarana, ta ba mu ɗaki a gidanta. Ba ta rage mu da komai ba, sai dai ta hana ni aiki. In na ɗauki tsintsiya ta karɓe, in na nufi turmi ta ce, "Haba Yaya, baƙuwa da daka?"

Ni kuwa zaman nan ya dame ni fiye da rushewar ɗakunan. In zauna, in tashi, in leƙa kangonmu, in dawo. Abinci ma ya daina wuce mini, don gani nake na zama kaya a gidan mutane. Har na fara tunanin komawa kangon da yara, ko da rufin leda ne.

Ran nan da la'asar ta shigo dafe da ƙugu. "Yaya, bayana ya riƙe. Ko za ki tuƙa mana tuwo?"

Ɗazun nan da idona na gan ta tana faskare lafiya ƙalau. Na karɓi muciyar. Ranar na ci tuwo har da ƙari.