Baƙin Mudassir a Bakin Hanya

Mudassir ƙanin marigayi maigidana ne, haifaffen unguwar Utaibiyya a nan Makka. Direban bas ne. Lokacin Hajji yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa, sauran watanni kuma duk wanda ya ɗauke shi. Halinsa ɗaya kowa ya sani: ba ya gaisawa da mutum sau biyu bai ce masa ya zo gida cin abinci ba.

Bara wani kamfani a Jidda ya ba shi aikin kai wasu makaɗa garin Ɗa'if, wasunsu 'yan Brazil, wasu 'yan Amurka, masu kiɗan da ake kira jaz. Ran nan sai ga shi ya faɗo mini gida yana haki.

"Matar yaya, ɗora tukunya, gobe ina da baƙi! Ba ki ji abin ba! Mai ƙahon ƙarfe ya busa, mai ganga ya amsa masa, sai ka ce kalangun gidan biki. Na ce wallahi sai sun ci masarki."

Ni ba mai sauraron kiɗa ba ce, amma baƙo ba ya zuwa a bar shi da yunwa. Na jiƙa shinkafa, na kira maƙwabciyata Khalida. Da safe muna cikin suya, Mudassir yana gefe yana ɗanɗanawa, Khalida ta ɗago kai ta ce, "Wai Musulmi ne kuwa?"

Masar ta tsaya masa a baki. Shi da ya saba ɗaukar alhazai, bai taɓa ɗauko wanda ba zai shiga Makka ba.

Na ce, "Kai da kullum kake wuce allon nan na kan hanya mai cewa Musulmi kaɗai ke shiga Makka! Ido ne da kai ko ado?"

"Innalillahi! Na riga na yi alkawari, matar yaya. Jiya har sun koyi cewa masa. Da wane baki zan ce musu an fasa?"

Na dubi kwanukan, na dubi fuskarsa. Na ce ya je ya ɗauko baƙinsa, ya bi hanyar da ke zagaye gari, mu kuma mijin Khalida ya fitar da mu bayan iyakar Harami.

Can muka shimfiɗa tabarmi a inuwar bas. Suka ci masa da miyar taushe har da lashe yatsu, yaji yana sa su hawaye suna ƙari. Da suka ƙoshi, mai gangar ya jawo murfin tukunyata ya hau kaɗawa da cokali, mai ƙaho ya bi shi. Mudassir, da furfurarsa, ya cire takalmi ya shiga tsakiya yana ihu, "Yalla! Yalla!"

Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Khalida dai ta rantse ta ga ƙafata tana motsi.

Da za su tafi, ya leƙo ta tagar bas yana washe baki. "Na fita kunya, matar yaya! Sun ce baɗi ma a nan za su tsaya. Ki ƙaro yaji!"