Hajijiyar Baba a Bakin Rumbu

A gidanmu na Banga, ba mai leƙa rumbu sai Baba. Haka ya gada. Maigida ne ke hawa tsani, ya ɗaga murfin, ya shiga ta sama ya jefo dami, don abin da ke ciki asirinsa ne. Inna ta haifi 'ya'ya tara a gidan, ba ta taɓa ganin cikin rumbun nan ba. Ni kuwa, da gemuna da shagona a kasuwar Ƙaura, ko tsanin ba a ba ni in riƙe.

Sai hajijiya ta kama shi. Da ya ɗaga kai ko ya juya bisa shimfiɗa, sai ɗaki ya hau juyawa da shi. Ran nan a masallaci ya sunkuya ruku'u, ya wuce sujada tun kafin liman, har ya tafi da mutum biyu. Da aka tambaye shi, sai ya ce tabarma ce ke da santsi.

Ba abin da ba a yi ba. Wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya. Inna ta turara shi har akuyoyi suka bar gidan. Shi kuwa kullum yana kan tsani, ido rufe, yana lalube.

Da na ga za mu rasa tsoho a kan damin gero, na ɗauke shi a babur sai asibiti a Ƙaura. Likitar da ta duba shi ta ce wasu 'yan ƙananan tsakuwa ne a cikin kunne suka bar mazauninsu. Ta kwantar da shi, ta juya kansa nan, ta juya can, ta tashe shi zaune. Ya jira ɗakin ya motsa, ɗaki ya ƙi.

"Shi ke nan? Ko allura babu?" in ji Baba, ransa a ɓace.

"Babu, Baba. Amma ku riƙa tashi a hankali. Kuma ban da hawa sama har mako guda, sai kun dawo na duba ku."

Kwana uku tsakani hatsi ya ƙare a madafa. Baba ya daɗe tsaye gaban tsani, sannan ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Hau."

Na hau ina jin kaina wani babba. Na ɗaga murfi, na leƙa. Ƙasan rumbu na gani fili, da 'yan dammuna jingine a gefe guda, ga damina ko faɗuwa ba ta yi ba. Na san gonarmu ta daji ta daina nomuwa tun da hanya ta lalace, amma ban taɓa tambaya ba. Ina can Ƙaura ina cin tsire. Kunya ta kama ni, na riƙe bakin rumbun da hannu biyu.

Inna na tsakar gida da turmi, ta kasa kunne. Baba ya ɗaga murya daga ƙasa.

"Mi kag gani?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Akwai hatsi sosai."

Ya riƙe mini tsanin har na sauko, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.