Malam Khalilu, Akantan da Ya Ƙi Rubuta Miliyan Ashirin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran Malam Khalilu Ikrima a gidansa da ke Tsanyawa, bayan jinyar wata biyar. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. Ni ne Nababa Mati, shugaban ɗan kamfanin manoman gyaɗa da marigayin ya yi wa aikin akanta shekara goma sha ɗaya. Ni ne kuma na sallame shi daga aikin.

Malam Khalilu, ka dawo gida bayan ka ajiye aikin banki a Kano, ka tarar muna tara kuɗin manoma muna sayen hannun jari, ba mu san yadda ake auna darajarsa ba. Kai ka zaunar da mu ka ce kuɗin da aka sayi abu da shi labarin jiya ne. Darajarsa ita ce abin da mai saye zai biya yau da yardarsa, mai sayarwa ya karɓa da yardarsa, babu wanda aka tilasta. In ana cinikin hannun jarin a kasuwa, a duba farashin ranar. In ba a yi, a duba irinsa. In babu irinsa, a je a gani da ido, a ƙiyasta abin da zai kawo, kuma a gaya wa mutane cewa ƙiyasi ne.

Ban manta ranar da Ummu Salma, matar marigayi Iliyasu, ta zo cire rabon mijinta don a raba gado ba. Takardar da ke hannunta dubu ɗari uku ta nuna, kuma da an ba ta hakan da godiya za ta tafi. Ka ce jarin ya ƙaru, haƙƙin marayu dubu ɗari huɗu da saba'in ne. Wasu a kwamiti suka ɓata rai, ba ka kula su ba. Da ƙafarka ka kai kuɗin, ka ƙirga su a gaban yayanta.

A lokacin na yabe ka. Da awon ya juyo kaina sai na kasa.

Shekara uku da suka wuce muna da jarin naira miliyan ashirin a wani kamfanin matse man gyaɗa a Kano, wanda ba a cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Ka hau mota ka je, ka tarar inji ɗaya ke aiki cikin huɗu. Ka biya kasuwar Dawanau, dillalai suka shaida maka rabon kamfanin da sayen gyaɗa tun kaka. Ka dawo ka rubuta miliyan takwas. A watan ne ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli, su arba'in da biyu ƙarƙashin Hajiya Maijidda, ke shirin sayen rabo a wurinmu.

Na ce, "Malam, ka bar shi a ashirin kamar yadda muka saya. Injinan za su tashi."

Ka ce, "Alhaji, Allah ya sa su tashi. Ranar da suka tashi zan mayar da shi ashirin. Amma matan nan yau za su biya, kuma a gaban wuta suka tara kuɗin."

Raina ya ɓaci, na ce kana neman rusa abin da muka gina, na sallame ka daga aiki. Ba ka ɗaga murya ba. Ka miƙa mini makullin ofis, ka koma gonarka. Na kawo wani akanta ya rubuta ashirin, matan suka saya a kan wannan lissafin. Bara kamfanin man ya rufe.

Duk tsawon lokacin nan ban ji ka kai ƙarata ko'ina ba. In mun haɗu a masallacin Juma'a, kai kake fara miƙo hannu. Daga baya na ji cewa ka aika wa Hajiya Maijidda ta dakata da sayen, ita kuwa ta ce ta yarda da ni, tunda tare muka tashi. Wannan shi ya fi komai cin raina.

Na yi ta cewa zan zo neman gafara, kunya tana hana ni. Da na zo, ciwo ya riga ya kama harshenka. Na faɗi abin da ya kawo ni, ka dube ni, ka riƙe hannuna. Har yanzu ban san ko ka ji ni ba.

Na sa gonata ta hanyar Ɗanbatta a kasuwa. Ba za ta biya matan duka ba, amma ranar taron shekara zan tsaya a gabansu in faɗi abin da na yi da bakina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Aina'u, da 'ya'yanka Basiru, Tahira da Maryam, da dukkan 'yan'uwa. Ina roƙon su yafe mini ƙuncin da na jawo wa gidansu. Allah ya jiƙanka, Malam Khalilu, ya haskaka kabarinka, ya sa gaskiyar da ka riƙe ta yi maka nauyi a mizani. Mu kuma Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane kafin tamu ta zo. Amin.