Yadda Na Matse Ruwan Jikina Saboda Sikeli

A lokacin ni matashi ne ɗan Kafanchan, ɗan damben boksin mai cin abinci da hannunsa, ga ƙarfi ga taurin kai. Ina ajin da ke bin na manya, inda ba a yarda mutum ya wuce kilo casa'in da 'yan kai ba. Sai aka ba ni wasan neman kambu a Legas, farkon shekara.

Kocina ya ce kada in je gida Kirsimeti, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na je. A ƙauyenmu wajen Fadan Kaje, ɗan da ya dawo daga birni dole ya zaga gidajen dangi, kuma kwanon da aka ajiye maka ba ka mayar da shi. Mama ta ce na rame kamar marar lafiya, ta yi ta ɗura mini paten acca da nama. Gwaggona kuwa ta ce in ban ci nata ba, to na raina ta. Na ci har na gode wa Ubangiji.

Da na dawo na hau sikeli, sai na ga na wuce nauyin ajina. Kunya ta hana ni gaya wa koci. Na naɗe jikina da leda ina gudu da tsakar rana, na daina shan ruwa sai tsotsar citta, na ƙara da maganin wankin ciki na kasuwa. Ranar awo, nauyina ya yi daidai, har ana tafa mini. Amma a filin dambe ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Yaron da muka kara da shi bai ma yi mini wani bugun kirki ba na zube. A asibiti na farka, likita ya ce ƙodata ta taɓu, dambe kuma ya ƙare mini. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Abin da ya fi cin raina shi ne Mama, wadda har ta rasu tana cewa abincinta ne ya kashe mini sana'a.

Na gane cewa gaskiyar da na ji kunyar faɗa ta fi wannan sauƙi. 'Yan'uwana 'yan dambe, in nauyi ya wuce ku faɗa, a ɗage wasan ko ku hau aji na gaba. Ana sake neman kambu wata shekara. Ni yanzu ko buhun citta ba na iya ɗagawa.