Sikelin Atto da ragunan da ke kuka a bakin wuta

Da watan Layyar nan mai zuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka rufe ƙanena Attahiru, wanda Illela ke kira Malam Atto, ni kuwa Atto kawai, don ni na goye shi. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ɗiyata mai koyarwa ta riƙe alƙalami, ni na riƙe magana, na kuma ce mata kada ta rage mini ko kalma.

Sana'ata turka ce. Tun ina amarya nake ɗaure rago ga turke, in ba shi harawa da dusa har ya cika ido, in sayar gab da Sallah. Da ita na aurar da 'ya'ya, da ita na je Makka. Idan mace ta ce ta fi ni sanin rago a unguwarmu, sai dai bayan idona ta faɗa.

Atto shi ne ya yi karatu a gidanmu, karatun kiwo. Da ya gama sai aka tura shi wata gonar bincike can kudu, aka kuma sa shi inda ake kiwon aladu. Shekara shida ya yi yana auna musu abinci, yana auna nauyinsu, idan an yanka ya duba naman. Bai taɓa kai shi baki ba, Allah shi ne shaida. Amma kafin ya dawo, labari ya riga shi isowa, kuma sunan da aka laƙaba masa bai sake shi ba har kabari: Atto mai alade.

Ya dawo da akwati guda da sikeli irin na ratayawa, mai ƙugiya da fuska kamar agogo. Ranar da ya ce zai rataya ragona a jikinsa, na tare ƙofar garke.

"Wanga abu da ya ɗauki alade ba shi taɓa dabbata," na ce.

"Yaya, sabo ne. A kan hanya na saye shi."

"Hannun da ke riƙe da shi fa? Shi ma kan hanya ka sayo shi?"

Ya yi dariya, ya ajiye sikelin. Sai da na wanke sikelin nan da ƙasa da ruwa har sau bakwai, na shanya shi kwana uku a rana, duk da haka shekara biyu ban bari ya auna mini ko ɗan akuya ba. Kwanon abincinsa ma daban na ware. Ni na yi wannan, ba wani ba, kuma ina so a rubuta.

Abin da ya karya ni rago ne. Wani Uda da na yi wata biyar ina yi wa hidima, ya tsaya cak, ba gaba ba baya. Atto ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwanon dusar, ya ce ina cika masa ciki ne kawai, ba na gina masa jiki. Ya raba ragunana gida uku. Waɗansu harawa da dusa kamar yadda na saba, waɗansu ya ƙara musu kowar wake, waɗansu 'ya'yan gawo da ya sa aka daka. Duk Asabar, jajibirin kasuwa, sai ya ɗaura sikeli ga reshen darbejiyar tsakar gida, ya sa rago cikin buhu ya rataya. Ni ina gefe ina taɓe baki. Kafin wata uku bakin ya daina taɓuwa.

Amma ba nauyi ne ya fi damunsa ba. Idan an yanka, sai ya yanki tsoka ya rataya da zare a inuwa, ya ajiye ƙaramin kwano a ƙasa, ya ga yawan ruwan da za ta zubar. Ya ce a wurin aladu ya koyi wannan. Akwai wanda zai tashi da sauri, ya yi kyau a ido, a yanka a tarar da nama fari fat, lakaf, yana tsiyaya. Masu kiwon can, in ji shi, mutane ne masu lura, ba su yarda da ido kaɗai. Ya kama babban yatsana ya ɗora a gadon bayan rago, kusa da kwiɓi, ya ce in danna in ɗaga. Idan wurin ya taso nan take, nama ne. Idan ya bar rami, ruwa ne ke kwance.

Shekara guda kafin rasuwarsa ya shigo da wani ɗan kwali a hannu, mai rubutun Faransanci, irin kayan da babura ke tsallakowa da su ta bayan gari. Ƙwayoyi ne ƙanana. Ya ce ya ga ana daka su cikin dusa a kara, kasuwar dabbobi, rago ya cika cikin sati uku.

"Wanga ba ƙiba ba ne, Yaya, kumburi ne. Kuma abin da dabba ta ci ba shi ɓacewa don an yanka ta."

Ya je ya faɗa wa dillalai. Wani ya ce masa, "Malam, tafi ka yi wa aladunka wa'azi," aka kwashe da dariya. Da a ce wani ne ya kawo maganar, wanda bai da wancan suna, wataƙila da an tsaya an ji. Sunan nan kuwa har da hannuna cikin ɗora masa shi.

Masu karatu na nesa ba lalle su san yadda muke Layya a ƙasar Sakkwato ba. Mu ba mu cin nama ranar Sallah, sai kayan ciki. Ana feɗe rago, a baje shi kan itace, a jera na unguwa duka kewaye da wuta doguwa a bakin titi, ya wuni yana gasuwa. Tareni ke nan. Sai washegari a sauke, a raba. A da idan ka bi layin nan, kitse ne ke ɗiga, wuta na tashi tana murna. Yanzu ku tsaya ku saurara. Za ku ji wuta na tsaki, kamar an yayyafa mata ruwa. Ragunan kuka suke yi. Shekarar da Atto ya rasu guda biyu na gani a layinmu. Bara na daina ƙirgawa, don na uku daga farkon layi nawa ne.

Ɗana Sahabi, dillali ne a kara, shi ya kawo mini shi kyauta, don ciwon ƙafa ya hana ni turka a bara. Rago kamar maraƙi. Mata suka riƙa shigowa kallo. Na ɗora yatsa na danna, na ɗaga, rami ya zauna yana kallona. Na gyara mayafina na yi shiru. Ina so a ce ragon Hajiya ya fi na kowa, kuma an faɗa. Da aka jingina shi ga wuta, kafin la'asar ya tsotse ya koma kamar tsohuwar tunkiya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi caɓi. Da safe da aka sauke, wajen cinya ya riga ya canza wari. Ban aika wa kowa ba. Karon farko tun da na yi aure, kwanon Layyata bai shiga gidan maƙwabta ba. Muka haƙa rami bayan garke muka binne.

Me Atto zai ce da ya ga wannan? Na san ba zai ce ai ya faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai nemi zare da ƙaramin kwano. Zai tambaya wane ne ya ci, nawa ya ci, yaya ya kwana. Ni ban san abin da ƙwayar nan ke yi wa cikin mutum ba, ba kuwa zan ƙirƙira ba. Na dai san abin da take yi wa rago. Na ga wanda ya faɗi matacce a bakin mota ba ciwo ba tari, na ga wanda mahauci ya buɗe ya tarar da hanta ta sake kama. Mutumin da zai bi diddigin abin har ƙarshe yana kwance gabas da gari, ban kuma ga wanda ya gaje shi ba.

Bana na koma turka, da ƙafar da babu. Raguna biyu, harawa, kowa, 'ya'yan gawo, ɗan kanwa a ruwa. Na sauko da sikelin Atto daga saman rumbu na maida shi ga darbejiya. A hankali suke tafiya, yadda Allah ya yi su. Bayan katangata kuwa garken Sahabi ne, raguna sun fi talatin. Farkon watan jiya ƙasusuwansu a waje. Yau ba su iya juyawa a turke, suna tsaye suna haki, ba su ko tuƙa. Garke mai rai ba ya yin shiru haka. Iska ta jefo mini wani kwali daga can cikin gida, na gane shi tun kafin in duƙa.

Na aika aka kira Sahabi. Na ajiye kwalin tsakaninmu.

"Mi ne ne wanga?"

"Inna, kowa haka shika yi. In na kai rago irin naki kara, wa zai dube shi? Mai saye ido garai, ba shi da sikeli."

"Kawunka ya faɗa maka abin da ke ciki."

"Kawu Allah shi jiƙan shi, ya mutu da sikelinai, ba shi da ko keke."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi, ya kai bakin zaure, sai ya tsaya. Ya juyo yana kallon ragunana biyu, yana sosa ƙeya kamar lokacin yana yaro.

"Inna, wancan mai baƙin kai, kada ki sai da shi. Ki aje mini. Na gidana ne, saboda yara."

Ya fita. Na zauna har aka kira azahar ina jin maganar nan tana yawo a jikina. Ashe ya sani. Ashe duk sun sani, har da masu dariyar. Ba wai Atto ya mutu ba a yarda da shi ba ne. An yarda da shi sarai, a cikin gida, inda 'ya'yan mutum ke cin abinci. A kasuwa ne kawai yake mai alade.

Zan ba Sahabi ragon, don jikokina ne za su ci, ban da ƙarfin zuciyar hana su. Amma na faɗa masa zan yi wannan magana a jarida, ya ce wa zai karanta zancen tsohuwa. To, ga shi.

Atto bai bar gida ba, bai bar suna mai daɗi ba. Ya bar sikeli ga reshe, da ɗan abin da ya koya wa yatsan yayarsa, wadda ta ware masa kwano. Ran Lahadi manyan motoci za su yi lodi a kara su nufi garuruwanku, ragunan bayan katangata na ciki. Kyawawa ne, za su burge ku. Kafin ku kama igiya, ku ɗora babban yatsa a gadon baya, kusa da kwiɓi, ku danna, ku ɗaga. Sa'an nan ku tsaya ku duba. Ni na duba bara, na gani, na yi shiru.

Allah ya jiƙan Attahiru, ya yafe mini kwanon nan.