Iccen Gado

Yayana ya iso ƙauye kwana ashirin bayanmu, a shekarar da yaƙi ya kore mu daga Madani. Jaka ɗaya ce a hannunsa. Ba matarsa, ba jitarsa. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta karɓe mu a tsohon gidan kakanmu kusa da Mai Wurno, ta tare shi a bakin zaure tana tambayar ina ya baro yarinyar mutane. Ya ce, "Allah ya yi mata rasuwa a hanya." Daga nan ya rufe baki ruf. Ba wai ya rage surutu ba ne, a'a, ko "uhm" bai ƙara cewa ba.

Mutumin da a unguwarmu ba a biki sai da shi da jitarsa, mutumin da in ya fara zolaya sai ka roƙe shi ya bar ka ka sha iska, shi ne ya koma kwanciya kan angarib, gadon nan namu na katako da igiya, ƙarƙashin rumfa, daga safe har magariba. Yana cin abin da aka ajiye masa, yana sallarsa. Likita a Sannar ya duba ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Gwaggo ta karɓo rubutu, ya sha bai yi musu ba. Ni kuwa mai saurin fushi ne, kowa ya sani. Wata rana na tsaya a kansa na ce, "Kai kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa?" Ya dube ni kamar yana duban bango. Har yau in na tuna maganar nan kunya nake ji.

A ranar ne na lura da hannunsa na hagu. Yatsun suna ta motsi a kan gwiwarsa, suna danna wayoyin da babu su. Na ce a raina, to, in bakin ya ƙi, hannun bai mutu ba. Tsorona ɗaya ne, kada mu wayi gari shi ma hannun ya tsaya.

Jita ba ta samuwa a kasuwa lokacin. Amma wani direban hafila, motar fasinja, ya ba ni labarin wani tsoho a Sinja, bayan kasuwa, mai sassaƙa kayan kiɗa, wai har jita yana yi in an sa shi. Washegari na hau mota.

Shagon ɗan ƙarami ne, duhu-duhu ko da rana tsaka, sai warin danƙo da garin katako. Gangunan kayan kiɗa rataye a bango, ba waya ko ɗaya a jikinsu. Usta, haka ake kiransa kamar kowane gwanin sana'a, yana zaune a ƙasa yana kankare wani katako. Na yi masa sallama, na fara bayani da Larabci. Ya ɗaga kai ya dube ni.

"Kai ɗan wane gida na? Ba ka da Hausa?"

Na ce ina da ita, Baba. Ina da ita kam, irin ta yaran Madani, rabi Hausa rabi Larabci, wadda tsofaffi ke cewa ba gishiri. Tasa kuwa ta kakanni ce, wadda suka taho da ita daga yamma. Na faɗa masa halin da Yaya ke ciki. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya sawwaƙe ba. Ya ce abu biyu yake so.

"Na ɗaya, ka auno man hannunai, daga kahwaɗa zuwa yatsa. Na biyu, cikin jitar ina da katako nawa, amma wuya sai da icce mai ƙarhi. Na kasuwa ɗanye na, jiya anka sare shi, kahin damina ta wuce ya lanƙwashe. Ka tahi gida ka kawo man iccen gado."

Yau na san abin da ya ce. Gaado ya ce, da jan baki, wato abin da aka gada: tsohon ƙyaure, ko azara, ko turmi, duk iccen da ya shekara arba'in a gida ya gama motsi. Ni kuwa kunnen Madani bai raba gaado da gadon kwanciya ba. A rubuce ɗaya suke, a kunnena ma ɗaya suke. Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba." Na fito ina jin kaina gwani.

Awon na fara yi. Da azahar, Yaya na barci a rumfa, na zaro karan dawa daga dannin gida, na lallaɓa na shimfiɗa shi a jikin hannunsa. Ina cikin karya karan daidai yatsa sai na ji salati a bayana. Gwaggo ce, ta saki kwanon da ke hannunta.

"A'uzubillahi! Kai, mi kaka yi? Wa ya koya maka auna mai rai da kara?"

Ashe da kara ake auna mamaci kafin a haƙa kabari. Ina zan sani? A Madani wasu ke yi, mu dai mu bi sahu. Na ce mata, "Haba Gwaggo, hannu kawai na auna, ba mutum ba." Ta fizge karan za ta karya, na ƙwace. Yaya ya buɗe ido yana kallonmu, bai motsa ba.

Saboda wannan rigimar ban gaya mata zancen gado ba. Na san za ta hana, ni kuma ba na son a hana ni abu. Na jira ranar da ta tafi hawasha, gonar aro ta gidanmu, sannan na shiga ɗan ɗakin da ke jikin zaure. Tun zuwanmu nake ganin wani angarib a ciki, jingine a tsaye, ba mai hawansa. Na ce wannan ai an yar da shi.

Abubuwa biyu suka ɗan tsaya mini a rai, amma na share. Duk kayan ɗakin ƙura ta rufe su, shi kaɗai ne tas, kamar an goge shi jiya. Sannan yana wani ƙamshi, sama-sama, kamar kafur da sandal. Na ce turaren Gwaggo ne. Na kwantar da shi, na yanke igiyar, na buge ƙafafun da tabarya, na zare dogayen sandunan nan biyu na gefe. Baƙaƙe ne, masu nauyi. Zafi ake yi ranar kamar a toya ƙwai a ƙasa, amma da na rungumo su, sanyi na ji a hannuna.

Da na koma Sinja, Usta ya karɓi kara ya ajiye. Ya karɓi sandunan ya ɗora a cinya.

"Na gaado na?"

"Na gado ne, Baba. Da hannuna na kwance shi."

Kun ji yadda muka yi. Ya tambayi abu ɗaya, na amsa wani, kowa ya gamsu. Ya kai sandar kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya sake. Ya daɗe yana saurare bayan ni na daina jin komai. Sai ya bi da babban yatsa har ƙarshen sandar, inda iccen ya siɗe yana sheƙi, ya juya ɗaya ƙarshen, nan ma haka. Ya duba ta biyun. Duk kusurwa huɗun a siɗe suke.

"Hannu da yawa sun riƙe iccen ga," in ji shi.

Na ce tsohon gida ne, jama'a da yawa. Ya dube ni, ya buɗe baki, ya fasa. Ya ce in dawo bayan wata biyu.

Jitar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Cikinta fari-fari, wuyan baƙi wuluk, santsi kamar an shafa mai. Na kawo ta gida da la'asar a naɗe cikin zane. Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida. Na ajiye wa Yaya a kan cinya.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan hannun hagun ya tashi da kansa ya kama wuyan, daidai kamar an zuba shi a ciki. Ya fara murɗa maɗaurin waya. Yana murɗawa, wayar na ɗaurewa, sai iccen ya yi ƙara. Ba kiɗa ba, wata 'yar ƙara ce doguwa, ƙiiiƙ, irin ta katako in an ɗora masa nauyi an ɗaga.

Rariya ta tsaya a hannun Gwaggo. Daga bayan danni, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ba ta ganin abin da muke yi, ta ce da ƙarfi, "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

Na yi dariya na ce ba kowa, Inna, jita ce. Ni kaɗai na yi dariyar.

Yaya ya kaɗa. Wallahi na yi murna har idona ya kawo ruwa. Amma ba kiɗan biki ba ne. Wani abu ne a hankali, kamar tafiyar mutane masu ɗauke da kaya, taku kaɗan a tsaya, taku kaɗan a tsaya. Kullum da la'asar shi yake yi, shi kaɗai, ba ya canzawa. Kuma duk sanda ya ɗaure waya sai wuyan ya yi ƙarar nan. Gwaggo ta daina zama a tsakar gida a lokacin. Bakinsa kuwa yana nan a rufe. Na fara tambayar kaina ko gyara na yi ko ɓarna.

Sati uku da haka, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Dattawan unguwa ne su uku. Wani tsoho mai sayar da albasa ya rasu da safe, sun zo ɗaukar angarib. Gwaggo ta ce bismillah, ta tura ƙofar ɗan ɗakin. Ina tsaye a bayanta. Ƙafafu huɗu a yashe, da tulin igiya.

Na ji kaina ina cewa ni ne, Usta ne ya ce in kawo iccen gado, shi ne wuyan jitar.

Gwaggo ta juyo a hankali. "Maimaita. Mi yac ce?"

"Iccen gado."

"Gaado," ta ce, ta ja shi yadda Usta ya ja. "Gaado, ɗan nan. Kai wane irin kunne gare ka?" Ta nuna ƙafafun da ke yashe. "Tun zamanin ubana gidan ga ka riƙe angarib na unguwa. Bisa shi anka ɗauki kakanka. Bisa shi anka ɗauki ubanku, kuna can hanya ba ku iso ba. 'Ya'yana biyu. Duk wanda ya mutu a unguwar ga, shi ya kai shi. Ni ka wanke shi duk wata."

Na so in yi faɗa, don abin da na iya ke nan. Na so in ce me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini. Amma sai na tuna kusurwoyin nan huɗu masu sheƙi.

Babban cikin dattawan ya ce, "Malesh, a yi haƙuri, Hajiya, rashin sani ne. Gawa dai ba ta jira. A ba mu wani."

Angarib ɗaya ne ya rage a gidan mai tsawon da zai ɗauki namiji, wanda Yaya ke kwance a kai. Kafin kowa ya nemi yadda zai faɗa masa, ya miƙe. Duk abin da aka ce ya ji. Ya jingine jitar a ginshiƙin rumfa, ya kakkaɓe shimfiɗar, ya kama kusurwa ɗaya ya tsaya yana jira. Wata shida rabonsa da ƙofar gida. Aka fita da angarib ɗin, aka ɗora gawar. A hanyar maƙabarta mutane na karɓar juna kamar yadda aka saba, kowa ya ɗauka taku kaɗan ya ba wani. Yaya kuwa ya ƙi sakin tasa kusurwar har bakin kabari.

Da muka dawo, rana ta take tsaka. Gwaggo na jirana a tsakar gida. Ta ce abin nan ba zai ƙara kwana a gidanta ba, in kai shi maƙabarta in binne, ko in jefa a kogi, ita dai kada ta sake jin ƙararsa. Ban yi gardama ba. Ni ma tsoronsa nake ji. Na sunkuya zan ɗauka.

"Bar ta."

Ban gane muryar ba da farko. Ta dushe, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya na tsaye a bayana, ƙasar kabari har gwiwarsa. Gwaggo ta dafe ƙirji.

Ya buɗe jakar da ya zo da ita, wadda ba mu taɓa ganin cikinta ba. Ya ciro tob, mayafin nan na mata, shuɗi mai furanni. Na san shi, na matarsa ne. Ya durƙusa ya lulluɓe jitar da shi tun daga kai har ƙasa, ya soke gefe-gefen a hankali.

"Zazzaɓi ne," ya ce, ba ya kallon kowa. "A wani ƙauye da kowa ya gudu. Na bi gida-gida ina neman angarib, duk an kwashe. A kafaɗa na ɗauke ta. Ƙafafunta suna jan ƙasa. Na yi ta kira, ko mutum ɗaya ban samu ya kama mini ba."

Gwaggo ta zauna a ƙasa tana kuka ba sauti. Ni na rasa inda zan sa idona. Wata shida ina roƙon Allah ya buɗe bakin nan, ban taɓa tunanin abin da ke bayansa ba.

Ya sa hannu biyu ƙarƙashin wuyan jitar, ya ɗago kai ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara.

"Kama mini ƙafafun," ya ce.

Na durƙusa na kama.